Kibiya Mai Dawowa Kwari

A Magama, inda hanyar da ta taso daga Katsina ke rabuwa, ɗaya ta shige Jibiya, ɗaya ta yi arewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, kowa ɗan lissafi ne. Mai canji yana juya naira zuwa sefa da ka kafin ka gama zaro wayarka. Direba ya san litar mai nawa za ta kai shi Maraɗi ta dawo da shi. Akwai kuma wani lissafin da ba a yin sa a bainar kasuwa, na tsofaffin maharban ƙauyukan wannan yanki, kuma tambayarsa guda ce: harbi ɗaya nawa yake ci? Kuɗin makami sau ɗaya ake biyansa a wuce wurin. Kuɗin harbi kuwa kullum sai an biya, muddin ana ɗanawa ana saki.

Dalilin da ya sa tambayar ke da nauyi shi ne hannu ba ya zama sai da yawan harbi, yawan harbi kuma ba ya yiwuwa sai harbin ya yi sauƙin kuɗi. Wanda kowane harbi ke taɓa masa aljihu zai riƙa tattalinsa har ya rasa ranar koyo, ranar da bukata ta zo kuma hannunsa baƙo ne. Maharbin da ya gaji sana'ar ya warware wannan matsala tun kaka da kakanni, ya warware ta da kyauro da guntun ƙarfe da jijiya.

Kyauro shi ne jikin kibiya. Ciyawa ce doguwa mai gaɓoɓi, dangin rake, tana fitowa a fadama da bakin rafi inda yashi ke riƙe danshi. Ba a yankanta ɗanya. Sai kaka ta yi, ta fidda farin furenta, ta bushe a tsaye, sannan mai sana'a zai shiga da wuƙarsa. A cikin ɗari ba lalle ya ɗauki ashirin ba. Yana duba kauri, kada ya wuce ɗan ƙaramin yatsa. Yana duba tazarar gaɓa da gaɓa. Yana ɗan lanƙwasa kowane sili tsakanin hannuwansa ya saki, ya ga ko zai koma yadda yake, don wanda ya yi laushi da yawa zai yi ta wutsil-wutsil a iska, wanda ya yi tauri da yawa kuma zai bauɗe tun daga jikin baka. Waɗanda suka ci jarrabawa sai ya ɗaure su tam a dami ɗaya, ya jingine a inuwa. Rana tana busarwa da sauri amma tana tsaga, shi ya sa yake haƙuri da inuwa ko da za a yi makonni.

Miƙarwa ita ce aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ake gane wanda ya zauna gaban manya. Ana hura garwashi kaɗan, ba harshen wuta ba. Mutumin zai ɗaga silin zuwa idonsa, ya rufe ido ɗaya, ya bi tsawonsa da kallo yana juya shi a hankali har ya ga inda ya karkace. Sai ya kara wurin kusa da garwashin yana murzawa, don zafi ya ratsa ko'ina kada gefe ɗaya ya ƙone. Da ya ji ya yi taushi sai ya dafa manyan yatsunsa biyu ya tanƙwara shi zuwa ɗaya ɓangaren, ya ɗan wuce daidai kaɗan, ya riƙe har ya huce. Wucewar nan da gangan ce: kyauro yana da halin komawa gidan jiya, in ka tsaya a daidai gobe ka tarar ya koma rabin karkatarsa. Tsakanin gaɓoɓi ake fara gyarawa, gaɓoɓin kansu daga baya, saboda a nan ya fi saurin karyewa. Bayan kwana biyu ya sake dubawa, ya sake gyara waɗanda suka yi gardama.

Tsawo da kamu ake auna shi, kamu da ɗan ƙari, gwargwadon yadda mai bakan ke ja. Wurin yanka kuwa akwai dabarar da ido ba ya kamawa sai an nuna maka. Gindin kibiya, inda za a yi 'yar tsagar da tsirkiya ke shiga, ana barinsa ya faɗa dab da bayan gaɓa. Gaɓar ce za ta tare tsagar kada ta zarce. Duk ƙarfin baka a wannan ɗan wuri yake sauka, faɗinsa bai kai farce ba. Don haka ake ƙara naɗe shi da jijiya, wato jijiyar dabba da aka busar, aka daddaka ta rabu zare-zare. Ana jiƙa ta a naɗa, tana bushewa tana ƙanƙancewa, ta kama kyauron da kanta ba tare da ƙulli ba.

Kan kibiya aikin maƙeri ne. A da daga tama ake samun ƙarfen, yanzu babbar ƙusa ko guntun rodi sun isa. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so don zafinsa da daɗewarsa. Yaro na kan zugazugi, maƙeri ya kama ƙarfen da awartaki, ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera. Ɓangare ɗaya zai ja shi da masaba ya yi siriri ya yi tsawo, wannan ce wutsiyar da za ta shige cikin kyauro. Ɗaya ɓangaren ya fiƙe shi ya yi tsini, ya bi da magagari. In ta farauta ce sai a fitar mata da kunnuwa, 'yan ƙayoyin nan masu kallon baya da ke hana ta fita. Ta koyo ba a yi mata kunne, domin ana so a zare ta a sake harbawa, kuma ba a shafa mata komai. Maganar dafi ta cikin gidan maharba ce, ba ta shiga wannan lissafi.

Wajen haɗawa, gaggawa ke ɓata aikin mako guda. Cikin kyauro akwai totuwa mai taushi, wutsiyar ƙarfe za ta shige ta cikin sauƙi, amma in aka tura ta kafin a naɗe bakin da jijiya, bakin zai dare nan take. Naɗi ne farko, sannan a shafa wa wutsiyar ƙaro ko kakin zuma, a tura ta a hankali ana murzawa. Daga nan sai gwaji biyu. Na farko, ya tsayar da kibiyar kan tsininta a tafin hannu ya murza gindin da yatsu. In tana juyawa shiru ta zauna, in tana rawa ƙarfen ya shiga a karkace, sai a zare a sake. Na biyu, ya ɗora ta a kwance kan yatsa ya nemi inda take tsayawa ba ta rinjaya ba. Dole wurin ya kasance gaba da tsakiya, wajen ƙarfen. Kibiyar ƙasar Hausa galibi ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin wadda ake gani a finafinan Turawa. Nauyin kan ne kaɗai ke jan ta a miƙe, jiki ya bi. Wanda ya ƙera ta bai karanta wannan a littafi ba, amma yatsansa ya san inda nauyin ya kamata ya faɗa, kuma in ka ba shi kibau goma zai jera maka su daga mai nauyi zuwa marar nauyi da tafin hannu kawai.

Shi baka ba ya cin kuɗi sosai in ana kula da shi. Gora ce, ko ɗunɗu, ko dargaza, itatuwan da ke lanƙwasa su dawo. Tsirkiyar gargajiya fata ce da aka yanka siririya aka murɗe. Da damina tana shan danshi ta saki, da hunturu itacen ke bushewa ya nemi tsagewa, don haka ake shafa masa man kaɗanya ko man shanu. Ba a barinsa a ɗaure in ba aiki, ba a jingine shi a ƙasa inda gara za ta same shi. Malalaci yakan rataye nasa da tsirkiya a ɗame shekara guda, ran da ya sauko da shi ya tarar ya sunkuya, ƙarfinsa ya tafi, sai ya ce itacen ne ba kyau.

To, ga inda lissafin yake. Mu ɗauka, don misali kawai, kibiya ɗaya ta tashi naira 1,000: ƙarfe 600, kyauro da jijiya da ladan aiki 400. Mu ce kyauron ya jure harbi 100 kafin ya tsage. Kowane harbi ya ci naira 4 ke nan ta wannan ɓangare. Ƙarfen kuwa ba ya mutuwa tare da kyauro. Ana zare shi, a miƙe tsinin, a wasa, a sa shi a sabon jiki. In ya ci jiki biyar, harbi 500, rabonsa a kowane harbi naira ɗaya ce da 'yan kwabbai. Duka-duka harbi bai kai naira 6 ba. Amma wanda ya saki kibiyar nan cikin ciyawa a harbi na uku ya kasa gano ta, kowane harbinsa ya haura naira 300. Kibiya ɗaya ce, kuɗi ɗaya aka biya, bambancin ya ninka fiye da sau hamsin, kuma duk daga halin mai harbin ya fito.

Shi ya sa gwani ke zaɓen abin bara kamar yadda yake zaɓen kyauro. Kututturen itace yana cije ƙarfe ya tsaga jiki. Bango yana lanƙwasa tsini. Buhu da aka cusa wa ƙaiƙayi ko tsumma aka danna sosai shi ne daidai, yana tsayar da kibiya ya kuma sake ta. Bayan buhun ana son tudun yashi ko gaɓar rafi, don wadda ta kuskure ta faɗa inda za a gan ta, kuma kada a sami hanyar mutane ko ta dabbobi a bayan wurin. Wajen zarewa, hannu ɗaya ya dafe buhu, ɗaya ya kama kibiyar can kusa da ƙarfe ya ja a miƙe. Yaro yakan kama ta gindi ya girgiza, abin da za ka ji daga bakin dattijo shi ne: kai yaro, kama ta wuya. Kowace kibiya kuma da alamarta, zane ɗaya, zane biyu, zane uku a gindi. In mai zane biyu kullum hagu take faɗawa alhali 'yan'uwanta na tsakiya, laifin nata ne, a kai ta garwashi. In duka suka yi hagu, laifin na hannu ne. Ba tare da wannan alama ba mutum zai yi ta gyara hannun da ba shi da laifi.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, lissafinta daban ne ƙwarai. Duk abin da aka ɗura mata ya tafi ke nan: albarushi ya zama hayaƙi, ƙyastun da ke kunna shi ya mutu, abin da aka harba ya shige daji. Babu abin da ke dawowa hannu. Albarushin kuma yana jan danshi, wanda aka adana ba daidai ba yana iya ƙin tashi. Bayan an yi harbi dole a wanke bututun a busar a shafa mai, domin dattin da ya bari yana jawo tsatsa, tsatsa na cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani, har ranar da bututu zai fashe a hannun mai shi. Ga kuma doka: Dokar Bindigogi ta 1959 ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko irin wannan bindiga sai da lasisi. Mai bindigar toka na iya fin mai baka ƙara da tsoratarwa, wannan ba musu. A hawan salla a Katsina, in masu bindigar fada suka saki albarushi zalla, ƙasa har girgiza take. Amma a yawan koyo ba za a haɗa su ba. Mai baka zai saki kibau hamsin da yamma ya tattara abinsa ya koma gida, abin da mai bindiga ba zai yi ba ko da kuɗin na nan, don ɗurin kansa lokaci yake ci.

Tarihin wannan yanki ma da wannan lissafi aka yi shi. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu ne suka karya dawakin Gobir. Bayan sarakunan Katsina na Haɓe sun rasa birninsu wajen 1807 suka kafu a Maraɗi, an shafe kusan ƙarni guda ana kai da komo tsakanin garuruwan biyu, ta kan ƙasar da iyaka ta ratsa a yau, kuma mafi yawan dakarun ƙasa kwari da baka suke rataye da shi. Bindiga sai mai taska. Sarkin Damagaram Tanimu, a rabin ƙarni na 19 na biyu, ya tara bindigogi, ana yi masa albarushi da igwa a Zinder, saboda yana da dukiyar fatauci da za ta ɗauki nauyin. Talakan ƙauye kuwa fadama da maƙera sun ishe shi. Sarautar Sarkin Baka da ke nan har yau a garuruwanmu daga wannan tushe take.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu wasan harbin allo a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu, da duk na'urorinsu, kan wannan tunani suka sauka. A ƙasashen da doka ta ba su izini, da yawansu ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe, da kansu suke sake cikawa. Harsashin zamani abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan ƙyastu a gindinsa, albarushi, da ƙwayar da ke fita. Uku suna tafiya, kwanso ya dawo, kamar kan kibiya. Sukan tsince kwansunan, su wanke, su duba kowane ko ya tsage a wuya, su matse shi ya koma girmansa, su auna albarushi a kan ma'auni mai tsananin ji, su rubuta komai a littafi, har da sau nawa aka cika kowane kwanso. Kwanso mai kyau yana iya zagayowa sau goma ko fiye.

Da wannan littafi suke kwatanta bindiga da bindiga. Laba ɗaya ta albarushi takan cika harsashi wajen 280 na ƙaramar .223 Remington. A .308 Winchester, wadda ta fito a 1952, wajen 160 za ta ba ka. A babbar .338 Lapua Magnum ba za ta kai 100 ba, ga ƙwaya mai nauyi da kwanso mai tsada. Sannan akwai kuɗin da sabon shiga ba ya gani, wato bututu. Kowane harbi yana ƙona ɗan wani abu a maƙogwaronsa. Masu wasan sukan ƙiyasta bututun .308 zai kai harbi 5,000 ko fiye kafin saitinsa ya lalace, na 6.5 Creedmoor kuwa, wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2007 kuma ta yi suna wajen harbin nesa, wajen rabin haka. Albarushin da biyun ke ci kusan ɗaya ne, amma wanda ya raba kuɗin sabon bututu a kan yawan harbi zai ga ta biyun ta ninka ta farko a wannan layi. Saboda haka gwanaye da yawa ke yin koyon yau da kullum da 'yar ƙaramar .22, wadda ke kasuwa tun 1887. Kwansonta ba a sake cika shi, amma arharta ta sa ba a damu ba, kuma da ita ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik. Ƙasa da ita akwai bindigar iska ta gasar mita 10, mai harba ɗan dalma na milimita 4.5. Babbar bindiga sai ranar gasa.

Mai kibiya a Jibiya yana da wata fa'idar da su ba su da ita: kayansa ba sa bin dala. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Kyauro bai san da wannan ba. Abin da ya taɓa shi rashin tsaro ne. Dajin Rugu da fadamun da ke gefensa sun zama wurin da mutum ke shiga da ransa a hannu, ƙauyuka sun tashi, a 2021 har layin waya aka katse a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina. Wanda ba ya iya zuwa yankan kyauro ba zai koya wa ɗansa zaɓensa ba, kuma ilmin da ke zaune a yatsu ba ya jiran zaman lafiya shekara goma.

Ina ganin akwai abin yi, kuma ba mai tsada ba. Harbin baka wasa ne na duniya. A Olamfik daga mita 70 ake harbin allo mai faɗin santimita 122, kuma matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren ƙungiya sau goma a jere daga 1988 zuwa 2024 saboda tun daga makarantar firamare suke fara horo. Makarantar sakandare a Jibiya ko Batsari ko Ɗan Isa ba ta bukatar shigo da komai kafin ta fara. Fili mai katanga ko tudu a baya, buhunan ƙaiƙayi shida, maƙeri ɗaya da zai ƙera kawuna marasa kunne, da Sarkin Baka ko wakilinsa ya zauna ya nuna yadda ake miƙe kyauro a garwashi, ya kuma yi alƙalanci ranar gasa. Kowane ɗalibi ya haɗa kibansa shida da hannunsa, ya yi musu alama, ya riƙe ɗan littafin da zai rubuta harbi nawa kowace ta yi kafin ta tsage. Malamin lissafi zai iya karɓar littattafan a ƙarshen zango ya ba da aikin gida daga cikinsu.